Gonar Bature da Gonar Babanmu

Waɗanda suka saba karanta littattafaina sun san ni da labaran soyayya da na zaman aure, to yau ba su na kawo muku ba. Yau labarin kaina ne, yadda na zauna da girmana da 'ya'yana huɗu ina dama hannu cikin fenti kamar 'yar firamare, wata huɗu cur ina fama da gonar wani Bature da ya mutu tun kafin a haifi kakana.

Ranar da na fara gaya wa maigida ina son in koyi zane, dariya ya yi har da riƙe ciki. Ya ce, "Duk zannuwan da ke cikin akwatinki, ashe har yau ba ki iya ɗaurawa ba?" Na ce ba na ɗaurawa nake nufi ba, na fenti. Ya dube ni ya ga ba wasa a fuskata, sai ya yi shiru, don ya san abin da ke cin raina a kwanakin.

Babanmu ya rasu ya bar mana gona guda a ƙauyenmu, Allah Ya jiƙansa. Shekara uku ana ba da aronta ana nomawa, har yayyena maza suka zauna suka yanke shawarar a sayar a raba gado. Ban ga laifinsu ba. Gari ya matso, masu yanka fulotai kullum suna zarya, cikinmu babu mai riƙe fartanya, ga kowa da iyali da buƙata. Aka yi magana za a bari a cire amfanin wannan damina, da an yi girbin dawa a miƙa wa mai saye. Da aka gaya wa Inna cewa ta yi, "Allah Ya sa haka shi ya fi alheri." Ba ta ƙara ko kalma ba. Wadda ta san Inna ta san idan abu bai dame ta ba surutu take yi a kansa har ki gaji, idan ya dame ta ne take yin gum. Shekara arba'in ta yi a gidan da daga bakin madafinta ake hango giginyoyi biyun da ke gefen gonar nan. Yanzu tana birni a gidan Yaya, tagar ɗakinta katangar maƙwabci take kallo.

Na je na ɗauki hotunan gonar da waya, sun fi talatin. Da na dawo gida na duba sai raina ya ɓaci. Gona ce dai, amma ta kowa ce. Giginyoyin sun koma kamar tsinken sakace, dutsen da ke can nesa ko alamarsa babu, duk faɗin nan da idan kin tsaya a ciki kike jin ƙirjinki ya buɗe, waya ta matse shi ya zama kamar fankon ashana. Daga nan tunanin ya shige ni, in zana ta da hannuna in kai wa Inna.

Rashin sani ya fi dare duhu. Na ji ana cewa manyan masu zane da fentin mai suke aiki, sai na aiki yaro wajen masu kayan gini ya sayo min ƙananan gwangwanaye huɗu na fentin mai, irin wanda ake shafa wa ƙofa da taga, da guntun silin. Na duƙufa kwana biyu. Abin da ya fito, in kin taɓa ganin an kifar da miyar kuka a kan tabarma, to kin gan shi.

Muna da wata maƙwabciya, malamar zane ce a wata makarantar 'yan mata, ta yi karatunta a sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Ta girme ni da kusan shekara goma, gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Na rufe silin ɗin da tsohon mayafi na shiga wajenta da yamma. Da ta buɗe, baiwar Allah nan ta yi ta ƙoƙarin danne dariya har hawaye ya zubo mata. Da ta nutsu sai ta ce, "Kin yi ƙoƙari da kika fara. Amma ƙanwata, wannan fentin ƙofa ne." Ta ɗauko nata ta nuna min, 'yan ƙananan mazubai ne kamar na man goge baki, ki matsa ya fito da kauri kamar man shanu. Garin launi ne aka kwaɓa da man 'ya'yan wata shuka da suke kira linsid. Ta ce wani Ba'amurke mai suna John Goffe Rand ne ya ƙirƙiro wannan mazubi a 1841, kafin nan a mafitsarar alade Turawa suke ɗaure fentinsu. Na ce a'uzubillahi, gara da ban zo duniya a lokacin ba.

Na ba ta labarin gonar da na Inna. Ta saurara tsaf, sannan ta ce, "Za ki zana ta in sha Allahu, amma ba yanzu ba. Yanzu gonar wani za ki kwaikwaya."

Kalmar kwaikwayon nan ta fama min wani tsohon miki. Duk wadda ta san harkar rubutunmu ta san gorin da aka daɗe ana yi mana, wai mu marubutan soyayya ba mu da aiki sai juye finafinan Indiya zuwa Hausa. Tun zamanin yayyenmu da suka share mana hanya a shekarun 1980 da 1990 ake wannan gori, kuma har yau bai mutu ba. Tsakanina da Allah, littafina na farko rabinsa daga wani fim na kwaso shi, na canza sunaye na sa wa jarumar hijabi. Ba wanda ya kama ni, amma ni na sani, kuma shi ya sa ban taɓa sake buga shi ba duk da ana nema. Don haka na ce wa Malama ni fa na tuba da kwaikwayo.

Ta ce, "Wa ya koya miki tuƙa tuwo?"

Na ce, "Inna."

Ta ce, "Da kika tsaya kusa da ita kina kallon yadda take riƙe muciya, sata kika yi? Sata ita ce ki ɗauki na mutum ki ce naki ne. Wannan idan kin gama, a bayansa za ki rubuta sunan mai shi, ki rubuta cewa koyo kike." Ta ce haka aka koyar da su, kuma haka manyan masu zane na Turai suka koya. A babban gidan ajiye zane-zane na Louvre da ke Paris, sama da shekara ɗari biyu ke nan ana barin masu koyo su kafa kayansu gaban tsoffin zanuka su kwafa, da sharaɗin kada girman kwafin ya zo daidai da na asalin, don kada wani ya yi cuta da shi.

Ta ɗauko wani ƙaton littafi muka yi ta buɗawa. Ta fara nuna min wani sanannen zane na wani ɗan Ingila, John Constable, da ya yi a 1821, amalanke a cikin rafi da dawakai da mutane da kare a bakin ruwa. Yana da kyau ƙwarai, amma na ce a'a. Tun kafin in fara na yi wa maigida alkawarin ba zan zana abu mai rai ba, don mun san ruwayar da ta zo cewa Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da shi, ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya tsaya a kan bishiyoyi da abin da ba shi da rai. Muka ci gaba da buɗawa, har muka iso wani shafi na ɗora hannuna a kai.

Gonar alkama ce ta nuna, rawaya kamar an zuba zinariya, iska ta kwantar da ita gefe guda. A hannun dama ga wata doguwar bishiya mai duhu da ƙarama a jikinta, ta miƙe sama da tsini kamar harshen wuta, irin dogayen nan da masu hali ke shukawa a bakin gida amma ta fi su cika. A tsakiya 'yan bishiyoyin zaitun, a can baya duwatsu shuɗɗa, a ƙasa ɗigon jajayen furanni. Sai sama. 'Yar uwa, ban taɓa ganin an zana sama haka ba. Gizagizan nan murɗewa suke suna tumbatsa kamar an ɗora nono a wuta yana tafasa. Ba mutum, ba dabba, ba tsuntsu, amma komai a ciki motsi yake.

Sunan mai shi Vincent van Gogh, mutumin ƙasar Holan, an haife shi a 1853. Malama ta ba ni labarinsa a zama da yawa, ina aiki tana faɗa, ni kuma marubuciya, kun san ba ma jin labari mu bar shi. Bai fara zane gadan-gadan ba sai da ya kai shekara 27, bayan ya gwada aikin shagon sayar da zane, da koyarwa, da wa'azi irin na addininsu, duk ba su yi ba. Wannan kaɗai ya ƙarfafa min gwiwa. Yana da ciwon da ke taɓa masa hankali lokaci zuwa lokaci, har a watan Disamba na 1888 ya yanke kunnensa a garin Arles da ke kudancin Faransa. A watan Mayu na 1889 da ƙafarsa ya kai kansa asibitin masu taɓin hankali a Saint-Remy, ya zauna shekara guda. A kewayen asibitin nan ya ga wannan gona, duwatsun da ke bayanta kuwa su ne ake kira Alpilles.

Abin da ya kashe min baki shi ne, ashe shi kansa zanen sau uku ya yi shi da fenti. Na farko ya yi shi a tsakiyar 1889, da sauri, fenti tuli-tuli. Sai ciwon ya kayar da shi wajen sati shida. Da ya farfaɗo a watan Satumba, yana cikin ɗaki, sai ya ajiye na farkon a gabansa ya kwaikwayi kansa, ya yi na biyu a nutse. Ya kuma yi wani ɗan ƙarami don mahaifiyarsa da ƙanwarsa. Da Malama ta zo nan sai da na ajiye buroshi. Ashe shi ma uwa yake son ya aika wa gona.

Ba nan ya tsaya ba. A wannan asibitin ya kwafi zanukan wani Bafaranshe da yake girmamawa, Jean-François Millet, mai zana manoma, wajen guda 20. Hotunan da ke hannunsa baƙi da fari ne, sai ya riƙa sa musu launi daga kansa, yana ɗaukar aikin kamar fassara daga wani harshe zuwa wani. Ya mutu a watan Yuli na 1890 yana da shekara 37, da raunin harsashi da akasari aka tafi a kan shi ya harbi kansa, bai ci moriyar aikinsa ba. Ƙaninsa Theo, wanda ya ɗauki nauyin cinsa da fentinsa shekara da shekaru, wata shida ya ƙara ya bi shi. Matar Theo, Johanna, aka bari da jariri da ɗaruruwan zanukan da ba mai so. Ita ta riƙe su, ta yi ta kai su wuraren baje koli, ta tattara wasiƙunsa ta buga a 1914. Ba don wannan bazawara ba, da wataƙila ni da ke ba mu ji sunansa ba. Na farkon nan yau yana gidan tarihi na Metropolitan a birnin New York, an saye shi dala miliyan 57 a 1993. Na biyun yana National Gallery a Landan, an saye shi a 1923, kuma shi na kwaikwaya, don Malama ta ce ya fi tsari, mai koyo zai fi gane inda hannu ya bi.

Na fasa asusun cinikin littafina Malama ta yo min sautun kaya daga Zariya: fari, shuɗi iri biyu, rawaya iri biyu, kore, ja, ruwan ƙasa da baƙi, buroshi huɗu masu taurin gashi, kwalbar man linsid, tina, da 'yar wuƙa mai kama da cokalin magina. Ta ɗaure min ƙyalle mai kauri a jikin katako, kanbas suke ce masa, ba takalmi ba, ta shafe shi da farin share fage. Na asalin tsawonsa ya ɗan haura santimita 70, faɗinsa 90, mu muka yi wajen rabin haka. Muka bugo hoton a babbar takarda, muka ja masa layuka ya zama gida-gida kamar dara, muka ja irinsu a ƙyallen, sai in duba abin da ke gida na uku in sa a gida na uku. Tsohon farantin tangaran ya zama wurin haɗa launi. Wurin aikina kuwa baranda ce, bayan yara sun tafi makaranta, don warin tina a cikin ɗaki ciwon kai yake sa ni.

Na farko ya lalace, kuma ni na lalata shi. Malama ta ce in fara da shafi marar kauri, a tsinke fentin da tina, in shimfiɗa inda sama take da inda gona take, in bari ya sha iska, sannan in riƙa hawa da mai kauri mai yawan mai. Ta ce doka ce, mai maiƙo a kan marar maiƙo, idan aka juya na sama zai riga na ƙasa bushewa ya tsattsage kamar yaɓen da aka yi a kan ɗanyen gini. Ni kuwa na ga Bature ya labta, na ce ni ma bari in labta. Na sa shuɗi, ban gamsu ba na bi da fari, na bi da rawaya, na koma na goga, na sake gogawa. Kafin azahar sama ta koma ruwan kwata. Fentin mai ba ya son a yi ta dama shi, launi uku huɗu suka cakuɗe sai su mutu gaba ɗaya. Malama ta zo ta miƙo min 'yar wuƙar nan ta ce in kankare. Ina kankarewa ina lissafin kuɗin da ke tafiya cikin tsumma.

Sai maganar bushewa, wadda ita ta fi gwada haƙurina. Ni na ɗauka kamar shanya ce, a sa a rana a kwashe da la'asar. Ashe shi ba ruwa ne ke tashi daga jikinsa ba, man ne yake shan iska a hankali har ya daskare. Shafi marar kauri kwana biyu zuwa uku, mai kauri sati biyu ko fiye, kuma ko ya bushe a taɓi cikinsa sai ya yi watanni. Ga damina, iska duk laima. Wani dare bayan an ɗauke ruwa na manta zanen a baranda ƙarƙashin ƙwan lantarki, da safe na tarar shinge sun fi ashirin sun maƙale a cikin alkamar Bature. Da tsinke na riƙa cire su ɗaya-ɗaya. Wata rana kuma autana ya zo ya ga gajimare fari tas da kauri, ya ɗauka abin lasa ne, ya luma yatsa. Allah Ya taimake ni na kama hannun kafin ya kai baki, don wasu launukan guba ne. Daga ranar zanen ya koma saman kwaba.

A na biyu ne idona ya fara buɗewa, kuma wannan shi ne abin da na fi son in gaya miki.

Na zo kan doguwar bishiyar nan, na dube ta na ce baƙa ce, na matso baƙi na shafa. Ta fito kamar an huda ƙyallen, rami kawai. Malama ta ɗauke mazubin baƙin ta jefa a jakarta, har yau ba ta dawo min da shi ba. Ta ce, "Matso ki duba da kyau. Me kika gani?" Na kusanto da fuskata. Kore mai duhu, shuɗi mai duhu, ga wani kore mai haske yana lanƙwasa a gefe, ga ɗan ruwan ƙasa. Baƙin da na rantse na gani, kaina ne ya gaya min, ba idona ba. Haka gajimaren. Ni na san gajimare fari ne tun ina aji ɗaya. Da na duba, ga shuɗi-shuɗi a cikinsa, ga kore-kore, ga wani kamar madarar da aka ɗiga wa shayi, farin gaske ɗan kaɗan ne a inda haske ya fi bugawa. Duwatsun na nesa kuwa shuɗɗa ya yi su, don komai ya yi nisa iskar da ke tsakani tana kashe masa kaifi ta ja shi zuwa shuɗi. Na fi shekara talatin ina ganin dutsen ƙauyenmu shuɗi daga gona, ruwan toka idan na je kusa, ban taɓa tambayar dalili ba.

Wani lokaci Malama sai ta kifa hoton, ƙasa ta koma sama, ta ce in zana shi haka. Ta ce muddin ina ganin "bishiya" to bishiyar da ke kaina zan zana, amma in an kifa sai in ga siffa da launi kawai. Wani lokaci ta ce in kanne ido kamar mai kallon rana, ƙananan abubuwa su ɓace, in ga ina ne duhu ina ne haske.

Sai hannu. Ashe iskar da na ji tana kaɗawa a gonar nan ba wani sihiri ba ne, jan buroshi ne. A alkama gajeru-gajeru yake ja, suna bin juna gefe guda. A bishiya yana lanƙwasa su sama. A gajimare yana murɗawa. Kowane ja sau ɗaya ne, ya ajiye ya ɗauke hannu, ba ya komawa ya lallaɓa. Wannan ya ba ni wuya ƙwarai, don ni mai lallaɓawa ce, ko a rubutu sai in faɗi abu sau uku don tsoron ba a gane ba. Da kika bi sawun hannun mutum kwana da kwanaki, sai ki fara jin inda ya yi sauri da inda ya tsaya ya yi tunani. Har tausayinsa na riƙa ji, mutum a kulle da ciwo, danginsa suna wata ƙasa, ya zauna yana murɗa gajimare.

Abin ya bi ni har tsakar gida. Na fara ganin inuwar katangarmu da la'asar ba baƙa ba ce, shuɗi ce mai ɗan ja. Ganyen darbejiyarmu kore kala biyar ne. Rannan hadari ya haɗo daga gabas na tsaya ina ƙirga launukan da ke cikinsa har shinkafata ta kama. Maigida ya ci ƙanzo bai ce komai ba, sai da ya wanke hannu ya ce, "Wannan Baturen naki, a gaya masa ya fara biyan kuɗin cefane."

Na gama na biyun a ƙarshen Satumba. Ba zan yi miki ƙarya ba, ko makaho ya shafa ya san ba na asali ba ne. Alkamata ta yi nauyi kamar an jiƙa ta, gajimarena ɗaya ya yi kama da ƙullin alala. Amma gona ce, kuma iska tana kaɗawa a cikinta. Na juya bayansa na rubuta sunan mai shi da shekarar 1889, na rubuta nawa a ƙasa da kalmar "mai koyo".

Cikin watan Oktoba, dawa ta nuna ana shirin girbi, ƙanena ya ɗauke ni da babban ɗana muka tafi ƙauye da sabon ƙyalle. Malama ta ƙi zuwa, ta ce in ta zo idonta zan ara. Na zauna a kan turmi ƙarƙashin wata tsamiya, yaran gari suka yanyame ni, wata tsohuwa ta tsaya ta tambaya ko ma'aikatan awon fili ne suka fara turo mata.

Na yi awa biyu ina aiki hannuna yana gudu, ina jin daɗi. Da na ja da baya na duba, sai gabana ya faɗi. Saman Faransa na ɗora wa gonar babanmu. Ga gizagizai suna murɗewa, alhali saman da ke kaina fayau take, fari-fari, ruwa ya ɗauke, hazo ya fara leƙowa, ko ƙyallin gajimare babu. Giginyoyin kuwa na yi musu tsini kamar harshen wuta. Ɗana ya leƙo ya ce, "Umma, ai wannan irin na gida ne." Wallahi sai na tuna littafina na farko, jarumar Indiya da hijabi.

Na ɗauko 'yar wuƙar na kankare saman gaba ɗaya, wannan karon ba wanda ya sa ni. Na kanne ido na duba kamar yadda aka koya min. Samanmu a wannan lokaci ba shuɗiya ba ce sosai, fari ce da ɗan shuɗi a can ƙoli, tana gangarowa tana komawa ruwan ƙasa-ƙasa a inda ta haɗu da gona. Ba ta son murɗawa, shafi take so mai faɗi a kwance. Dawa ba alkama ba ce, ta fi mutum tsawo, ba ta kwanciya wa iska, tsaye take kanta ya sunkuya don nauyi, ja-ja da ruwan goro, ganyenta na ƙasa ya bushe. Giginya kuwa doguwar ganga ce da kumburi a wajen sama da tsakiyarta, sai kai kamar an tara mafitai. Sau dubu nawa na wuce ta ƙarƙashinsu ina kai wa Baba fura, ban taɓa lura ta dama ta ɗan karkata ba sai ranar. Baturen bai da abin da zai gaya min a kan giginya. Abin da ya bar min shi ne in ajiye ja ɗaya in ɗauke hannu, kuma kada in nemi baƙi.

Sau uku na koma kafin a yi girbi. Na jira sati uku ya bushe a saman kwaba, sannan na naɗe shi a sabon zane, na ɗaurawa wannan karon, na kai gidan Yaya.

Inna ta sa aka jingina shi a bango ta matso da tabarmarta. Ta daɗe tana kallo, ni kuwa zuciyata kamar ta fito. Can ta miƙa yatsa ta taɓa giginyar dama ta ce, "Wannan tun wata iska da aka yi kina goye ta karkace." Ta sake yin shiru. Sannan ta ce, "Ina turbar?"

Na ce, "Wace turba, Inna?"

Ta ce, "Wadda Malam yake biyowa in ya taso. Ta nan take fitowa, tsakanin giginyun, ta yi kwana wajen tsamiya. Ni ita nake kallo daga madafi, ba dawa ba."

Na je gonar nan sau huɗu, na zauna a gefen turbar nan, na taka ta da ƙafata, ban sa ta ba. Na ɗauko zanen na koma gida, na haɗa fari da ruwan ƙasa da ɗan ja, na ja ta siririya daga tsakanin giginyoyin zuwa ƙasan ƙyallen. Na kira Malama ta duba min ko ta zauna daidai, ta ce ta ɗan yi faɗi a can nesa, in rage, hanya tana tsukewa ne in tana tafiya. Na rage.

An miƙa gonar bayan girbi kamar yadda aka yi alkawari. Da ƙanena ya je kwanan baya ya ce an kafa duwatsun fulotai, an fara zuba bulo, giginya ɗaya an sare an yi azara da ita. Ban gaya wa Inna ba, ban kuma san ko wani ya gaya mata ba. Zanen yana rataye a ɗakinta saitin gado, kuma wajen turbar ya fara yin duhu-duhu saboda yawan taɓawa. Na Baturen yana barandarmu, da ramin yatsan autana a cikin gajimare, Malama ta ce in cike shi na ce a bar shi haka.